Ta yaya ake gane kifin asali bayan an cakuɗa shi?

Ɗan Gwale:
Salamu alaikum. Ina karatun kiwon kifi, kuma labarin kifin turawut na jihar Kolarado a Amurka ya tsaya mini a rai. An shafe shekaru ana kiwon wanda ake kira greenback don a ceto shi, ashe wani iri ne daban. Yaya aka gano, tunda ido bai raba su?

Malama Hajara:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ɗan guntun fiffike ake yankewa, a mayar da kifin ruwa da ransa, a duba alamomin gadonsa na DNA. Masana na Jami'ar Kolarado sun kwatanta su da tsofaffin kifayen da aka adana a gidajen tarihi tun ƙarni na 19. A 2012 suka nuna cewa na asalin ya rage a rafi ɗaya tak, Bear Creek, kuma ba su kai dubu ba. Wallahi ranar da na karanta sai da jikina ya yi sanyi.

Baba Masunci:
Zuba kifayen wasu wurare a rafuka ne ya jawo cakuɗuwar, suka yi ta barbara da na gida.

Ɗan Gwale:
Na gode, Malama. To na Bear Creek ɗin fa?

Malama Hajara:
An ɗebi ƙwansu an ƙyanƙyashe, an zuba 'ya'yan a tafkin Zimmerman a 2014.