Wai ina ake samun burs ko tallafi na aikin jarida kan kasuwanci?

Ɗan Garin Malam:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah tambaya gare ni ga yayyenmu da suka daɗe a harkar nan. Shekarata uku kenan ina aiki a wani gidan rediyo mai zaman kansa nan Damagaram, ni ke yin shirin kasuwa, duk Alhamis in shiga Dole in tambayo kuɗin tiyar hatsi da wake da shinkafa da canjin naira in zo in karanta. To abin ya fara damuna don ni kaina na san farashi kawai nake karantawa, ranar nan wani dattijo ya bugo waya cikin shiri ya ce yaro me ya sa wake ya tashi alhali yanzu aka gama girbi, wallahi sai na kama kame-kame na ce sai dai addu'a baba. Na ji kunya ba kaɗan ba. Ga shi gidan ko kuɗin esansi ba sa ba ni, da na je Matamaye ganin ƴan canji daga aljihuna na biya mota, can wani alhaji ya cusa min jika biyar wai na goro, na karɓa kam ba zan yi muku ƙarya ba, amma da na dawo sai na kasa faɗin abin da na gani a shagonsa. Shi ne nake tambaya, akwai burs ko wani tallafi da ake ba ɗan jarida ya koyi harkar tattalin arziki da kyau, ko a biya masa kuɗin bincike ba sai ya dogara da na goro ba? Lisansi gare ni, Faransanci ba matsala, Ingilishi kuwa sai a hankali.

Tsohon Ɗan IFTIC:
Wa alaikumus salam ƙanena. Da ka faɗi gaskiya kan jika biyar ɗin nan ka burge ni, da yawanmu mun karɓa mun yi shiru.

Akwai su, amma bari in fara da wanda za ka fi jin sunansa don kar ya ɗauke maka hankali. Knight-Bagehot a jami'ar Columbia ta New York, tun 1975 ake yin shi, mutum wajen goma suke ɗauka a shekara daga duk duniya, su biya maka makaranta su ba ka na zama ka yi shekarar karatu guda kana koyon tattalin arziki da harkar kuɗi. Sai dai suna son wanda ya yi aƙalla shekara 4 a aiki kuma komai da Ingilishi ne, ka ajiye shi a gaba tukuna. Bloomberg ma sun buɗe shirin horar da ƴan jaridar kasuwanci a Afirka a 2014, sun fara da Najeriya da Kenya da Afirka ta Kudu, daga baya suka ƙara wasu ƙasashe har da Senegal da Kodebuwa.

Wanda ya fi kusa da kai shi ne CENOZO, ƙungiyar ƴan jarida masu binciken ƙwaƙwaf ta Afirka ta Yamma da ke Wagadugu, an kafa ta 2015 da sunan Norbert Zongo, ɗan jaridar Burkina da aka kashe a 1998. Su da Faransanci suke aiki, sukan fitar da kira a kawo shawarar bincike, in an zaɓe ka a ba ka ɗan kuɗin aiki a haɗa ka da edita mai bin ka har labari ya fita. Su ne suka yi binciken West Africa Leaks tare da ICIJ, ƙungiyar ƴan jarida masu bincike ta duniya, a 2018 kan yadda ake ɓoye kuɗi a waje. Gidauniyar Thomson Reuters ma ta daɗe tana horo kan kuɗin da ke sulalewa daga Afirka ta ɓarauniyar hanya, kaucewa haraji da makamantansu. Ni a ganina editan nan da ake haɗa ka da shi ya fi kuɗin amfani, don kuɗin wata biyu sun ƙare.

Ƴar Zango:
Yaya ya faɗi sunaye, ni bari in faɗa maka inda ake faɗuwa, don sau biyu ana mayar min da dosiye kafin na gane. Na farko na rubuta shafi uku wai ina son in ƙarfafa sanina kan tattalin arziki don ci gaban ƙasa, ko amsa ba su ba ni ba, kuma da gaskiyarsu. Ba wanda zai ba ka kuɗi don kana son koyo, labari suke saye, labari guda mai tambaya guda wanda kai kaɗai ke kusa da shi.

Kuma kai kana zaune kan labarai ba ka sani ba. Ɗauki ruwa-ruwa kaɗai. Shekara da shekaru man Najeriya ake sayarwa a kwalabe bakin titi don ya fi na gidan mai araha, ranar 29 ga Mayu 2023 Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, wata mai bi aka saki naira ta faɗi, sannan a Agusta aka rufe iyaka. Yaran da ke zaune da kwalabe da mazurari ina suka koma? Ɗan kabu-kabu nawa yake sha a rana da, nawa yanzu? Ga matatar mai ta SORAZ nan kusa da mu tun 2011, ganga 20,000 a rana aka gina ta ta tace, kashi 60 na kamfanin man China CNPC kashi 40 na gwamnati, da duk masu shan ruwa-ruwa suka dawo gidan mai nauyin a kanta ya sauka. Irin wannan labari, ɗan jaridar da ke Dakar ba zai iya yin shi daga ofis ba, kai kuwa da babur ɗinka za ka yi.

Maganar waken baba kuma, SIMA, ofishin da ke bin kasuwannin kayan gona, na fitar da farashin kayan gona na kasuwannin ƙasa, INS, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, na fitar da na tsadar rayuwa wata-wata, babban bankin sefa BCEAO ma na da nasa. Ka jera farashin wake na watanni 12 a kaye ɗinka gefe guda, canjin naira a ɗaya gefen, ka je ka zauna da dillalan da ke loda kamiyo zuwa Kano ka ga ko sun yi daidai. Sefa ɗaure take da yuro, yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, ba ta motsi, naira ce ke rawa, to duk rawar da ta yi a tiyarka take ƙarewa. In za ka rubuta buje, wato kasafin kuɗin aikin, ka sa komai dalla-dalla, mota Damagaram zuwa Magarya da dawowa, kwana nawa, kiredin waya, kar ka ƙara ko dala, kuma ka adana rasit ko na kabu-kabu ne ka sa ya sa maka hannu a takarda.

Mai Shakka:
Ni dai ban ƙi ba, amma kar a nuna wa yaron nan kamar kuɗin turawa ba shi da igiya. Alhaji ya ba ka jika biyar ka yi shiru kan shagonsa, mai tallafi kuma shi ke zaɓar jigo, bana sauyin yanayi baɗi ƙaura, kai kuma abin da ke damun mutanen Dole kuɗin duwan ne da haraji. Bambancin da na yarda da shi, su ba sa cewa ka cire sunan wane. Sannan lokaci ya canza, tun Agusta 2023 aka dakatar da RFI da France 24 a ƙasar nan, a 2025 Amurka ta rufe famfon hukumarta ta agaji USAID, kiraye-kirayen sun ragu sosai, kuma karɓar kuɗin waje yanzu abu ne da sai ka sanar da shugaban gidanku ka san inda ka taka. Tallafin gwamnati na ƴan jarida kuwa gidaje ake ba, ba ma'aikaci ba, ka tambayi kanka ko ka taɓa ganin ƙurarsa.

Abu ɗaya, duk wanda ya turo maka link a WhatsApp ya ce burs ce amma ka tura kuɗin dosiye tukuna, ɓarawo ne. Wani abokina jika ashirin da biyar ya tura, har yau yana jiran biza.

Ɗan Garin Malam:
Na gode ƙwarai yayyena, Allah ya saka. Anti Ƴar Zango maganar ruwa-ruwa ta shige ni, maƙwabcinmu ma da sana'arsa kenan yanzu lodin yashi yake, da shi zan fara gobe in sha Allah. Na duba kaye ɗina ashe ina da farashin kowace Alhamis tun bara, ban taɓa jera su ba. In na rubuta shafi ɗaya zan iya turo miki ki duba min kafin in aika? Kuma da suke cewa a haɗa da ayyukan da aka taɓa yi, nawa duk sauti ne da Hausa, sai na fassara su a rubuce ko in tura sautin haka?