Hali zanen dutse: a kan wa ake faɗarsa?

Maman Khalil: Assalamu alaikum. Jiya a gidan suna na ji wata dattijuwa tana ce wa uwar wani yaro ɗan shekara 14 mai ɗauke-ɗauke: "Ki haƙura, hali zanen dutse ne." Uwar ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta, ba ta ce uffan ba. Abin ya tsaya min a rai. Yaron da ko gemu bai tsiro masa ba, har an gama yanke masa hukunci?

Malam Bala Zariya: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Maganar dattijuwar tana da tushe. Mu ne fa muka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A 1979 Thomas Bouchard na Jami'ar Minnesota a Amurka ya fara bibiyar tagwayen da aka raba tun suna ƙanana. Gidaje daban suka tashi, amma aka tarar halinsu ya yi kama ƙwarai. William James kuwa, masanin halayyar ɗan Adam, tun 1890 ya rubuta cewa yawancin mutane in sun kai shekara 30 halinsu ya daskare.

Ummi Damagaram: Malam, shi 30 ya ce, yaron nan 14 gare shi. Kuma binciken tagwaye kusan rabin bambancin hali yake jingina wa gado, saura fa? Erik Erikson, shi ma masanin halayyar ɗan Adam, ya kasa rayuwa mataki takwas a 1950, ya ce a lokacin balaga matashi na fama da tambayar "ni wane ne?", yana gwada wannan yana gwada wancan. In duk gari ya kira shi ɓarawo a daidai wannan gaɓar, an ba shi amsa ke nan, kuma zai iya riƙe ta. Wannan ne ke ba ni tsoro.

Alhaji Garba: 'Yata Ummi ta yi gaskiya. Mu a kasuwa muke faɗarsa, kan babban mutum da ya ci bashi sau uku bai biya ba, ya dawo da daɗin baki. Gargaɗi ne ga mai shirin ba da amana. Yaro kuwa nasa daban ne: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ummi Damagaram: Baba, ko babban ma yana sauyawa. Masanin halayya Brent Roberts da abokan aikinsa sun tattara bincike masu yawa a 2006, suka ga tsakanin shekara 20 da 40 mutane na ƙara natsuwa da riƙon alhaki, sauyin kuma ba ya tsayawa nan.

Malam Bala Zariya: Haka ne, sai dai kowa ke natsuwa tare. Wanda ya fi sa'anninsa zafin rai yana saurayi, galibi shi ne dai ya fi su a tsufa, ko da wutar ta ragu.

Ummi Damagaram: Zafin rai na yarda, Malam. Amma sata aiki ce da ake yi ake kuma bari. In har ita ma zanen dutse ce, wa ake kira zuwa ga tuba a kowace huɗubar Juma'a?