A ina zan sa kirosoba tsakanin ufa da ƙaho?

Salamu alaikum 'yan uwa, na maƙale. Ina haɗa sifikun falo: ufa (sifikar da ke fitar da sauti mai kauri) inci 15 a ƙasa, ƙaho mai direba (ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti) inci 1, B&C DE250, a sama. Kamfanin da ya ƙera direban ya ba da shawarar a sa kirosoba, wato wurin da ake raba sauti tsakanin ufa da ƙaho, a 1.6 kHz. Amma a 1.6 ɗin, da na ɗan matsa daga tsakiyar kujera, sai murya ta dushe. Na sauko 1.2 kHz, murya ta fito tas, sai dai gabana na faɗuwa kada in ƙona direban.

Tunda a falo ba na ƙure sauti, 1.2 zai yi da gangaren 24 dB (wato saurin yadda kirosoba ke rage sautin da bai kamata ya kai ga direban ba)? Ko in haƙura in sayi direba inci 1.4? Wanda ya taɓa gwadawa, don Allah ya taimaka min.