Neman kalmar Hausa: me za mu kira "vulnerability" a maganar girgizar ƙasa da tsoffin coci-coci?

Jama'a dan Allah ku taimaka min, kwana biyu kenan ina fama da kalma ɗaya. Ina rubutu ne a kan yadda injiniyoyi ke duba tsoffin coci-coci na dutse da bulo don su san yaya za su yi in girgizar ƙasa ta zo, sai na maƙale a wannan kalma ta "vulnerability".

Da farko na sa "haɗari", sai na ga ai ba shi ba ne. Haɗarin daga ƙasa yake zuwa, wato ƙarfin girgizar da ake sa ran wuri zai gani. Ita "vulnerability" kuwa a jikin ginin take. Gini biyu a layi ɗaya, girgiza ɗaya, wannan ya zube wancan ko tsagewa bai yi ba, toh wannan bambancin shi muke nema wa suna.

Wani ɗan'uwa yace in sa "rauni" kawai a wuce wajen. Na so in yarda, amma in kace "raunin gini" mai karatu zai ɗauka ginin ya riga ya ji ciwo, bango ya tsage ko rufi ya fara yoyo. Alhali abin da ke damuna shine ginin da kake gani lafiyarsa ƙalau, shekara ɗari bakwai yana tsaye, kuma matsalar na nan ɓoye a ciki. Ku duba Assisi a Italiya, babban cocin San Francesco. Ranar 26 ga Satumba 1997 an yi girgiza cikin dare, da safe mutane suka shiga duba ɓarna, suna ciki wata ta sake zuwa, rufin baka (rufi mai lanƙwasa kamar bakan harbi) ya rufto ya kashe mutum huɗu, biyu 'yan zuhudu biyu ma'aikatan kula da kayan tarihi. Zanen Cimabue, wani tsohon mai zane na Italiya, dake jikin rufin ya koma ɓaraguzai, aka dinga tsince shi gutsure-gutsure. Cikin abubuwan da aka ɗora wa laifi har da tarin ƙasa da ɓaraguzai da suka taru a bayan rufin tsawon ƙarnoni suna danna shi, wanda mai tsayuwa a ƙasa bai isa ya gani ba. Wlh duk sanda na tuna mutanen nan huɗu sai jikina yayi sanyi, ginin suka je ceta.

Shi coci ginin sa ma daban ne, fili ne babba ba ɗakuna, bango dogo ba bene a tsakiya da zai riƙe shi, rufin baka kuma kullum tura bango yake waje, ga hasumiyar ƙararrawa tana rawarta daban da sauran ginin. Bangon da kake gani da kauri sau da yawa fuska biyu ce aka cika tsakiya da tarkacen duwatsu, in an jijjiga sai ya rabe. Shi yasa tun bayan girgizar yankin Friuli ta 1976 masana a Italiya suka lura coci baya faɗuwa gaba ɗaya kamar akwati, sashe-sashe yake rushewa, bangon gaba ya kife waje, ko ƙubba ta tsage, ko kan hasumiya ya guntule. Har hanyoyin rushewa 28 suka lissafa a takardar da suke bi suna dubawa, a kowace sai a tambaya ko akwai sandar ƙarfe da ta ɗaure bango da bango, kusurwa ta cije da kyau, ko an taɓa ɗora rufin kankare mai nauyi da sunan gyara.

Ina cikin karanta wannan sai kalmar ta faɗo min: lago. Ai in muka ce "an gano lagonsa" nufinmu mai ƙarfi ne, a tsaye yake, amma akwai wajen da in aka taɓa shi zai faɗi. Kuma kowa da nasa lagon. A garin Norcia na Italiya, a girgizar ranar 30 ga Oktoba 2016, cocin San Benedetto kusan duka ya zube amma bangon gaba ya tsaya, wanda a wasu wuraren shi ke fara tafiya.

Akwai wanda ya kawo "makasa", tana da kyau amma tayi tsanani, ba kowace tsagewa ce ke kashe gini ba. Wata 'yar'uwa kuma tace lago ba ya aunuwa, su kuwa injiniyoyi maki suke bayarwa. Gaskiyarta, nan ne kalmar ke ɗan ɗingishi, amma ina ga "girman lago" zai ɗauki wannan, ace girman lagon hasumiyar nan yafi na ƙubba.

Toh ni dai a rubutuna zan sa "lagon gini", aikin dubawar kuma "binciken lagon gini kan girgizar ƙasa". Rauni zan bar shi ga ɓarnar da ta riga ta faru. Masu aikin gini da malaman Hausa dake nan, in kun ji bata zauna a kunne ba ku faɗa min kafin in miƙa.