Shawarwari kan ɗinka wa yaro 'yar tsanar dabba

A wata tattaunawa kan yadda ake ɗinka wa ƙaramin yaro 'yar tsanar dabba ta yadi, mutane sun fi tsayawa kan idanun dabbar, kuma a ganina sun yi daidai, domin yaron da bai kai shekara 3 ba komai baki yake kai shi, kuma maɓallin da aka sa a matsayin ido na iya cirewa ya shaƙe shi. Sun ce a yi idanu da hanci da baƙin zare. A wanke yadin kafin a yanka, kada ya tsuke daga baya. A ɗinka ta bai-bai, a bar 'yar kafa, a juyo, sannan a riƙa tura auduga kaɗan-kaɗan da gindin fensir har cikin kunnuwa, a kuma ninka ɗinkin wuya da ƙafafu, tunda nan yaro ya fi ja.