Murfin tankin mai na motar haɗin gida: ina ake samun mai araha?

Ɗan Mokoyo:
Assalamu alaikum. Mota ce ta haɗin gida, injin Starlet mai karbireto, tankin kuma na ƙarfe ne da aka ƙera, lita 40. Saura baki da murfi. Wane irin bushon ya dace, kuma ina za a same shi nan Maradi kar ya wuce jaka biyar?

Mai Gareji:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kar ka sayi murfi shi kaɗai. Je wurin masu sassaƙa tsofaffin motoci, ka ce a yanko maka wuyan tanki da murfinsa tare, tsawon santimita 15 zuwa 20, da zarton hannu, ba da wuta ba. Dalili shi ne murfi iri biyu ne: akwai mai zare, wanda ake murzawa har ya yi ƙara, irin na Corolla, akwai mai kunne biyu, wanda ake juyawa kaɗan ya kama, irin na tsofaffin motoci. Ko a masu zaren ma ba kowane ke shiga bakin ɗan'uwansa ba. In ka fara da murfi, sai ka gama zagaya kasuwa kana neman bakin da zai karɓe shi.

Zaɓi na Toyota, don ran da ya ɓata za ka samu madadinsa a shagon kayan mota ba wahala. Duba robar da ke cikinsa. In ta tsage ko ta bushe, a rage maka kuɗi ka sa sabuwa, amma ba yankin tayar ciki ba, esansi na kumbura ta.

Malam na Bagalam:
Gaskiya ne, sai dai akwai abin da ya fi kuɗin murfin muhimmanci: numfashin tanki. Murfin motocin zamani a toshe yake, iska na bi ta wata tukunyar gawayi ne, wadda motarka ba ta da ita. Bawul ɗin da ke cikin murfin ma, mai barin iska ta shiga tanki, in tsoho ne, yakan maƙale. Mai na raguwa, iska ba ta shiga, sai famfo ya kasa jawowa. Alamarsa: mota ta yi tafiya mai ɗan nisa ta mutu, ka buɗe murfi ka ji tsotson iska, ta sake tashi lafiya. Da yawa sukan ɗora wa karbireto laifi a banza. Tanki mai siririn ƙarfe har lotsawa yake.

A zafin Afrilu da Mayu kuma akasin haka ne, mai na kumbura yana neman mafita.

Magani: bututu mai faɗin milimita 6 ko 8 daga saman tanki, a ɗaga shi ya wuce tsayin bakin zuba mai, sannan a lanƙwaso shi ƙasa, nesa da salansa. Sa masa bawul mai rufewa in mota ta kife, da ƙaramar matatar mai ta babur a ƙarshe saboda ƙurar hunturu. Kar a huda murfi da ƙusa, yashi da ruwa ta nan za su shiga. Kuma a bar wajen kashi 10 cikin 100 na tankin ba mai.

Mai Walda:
Maigida, tsakanin wuya da tanki tiyon mai za ka sa, ba na lagireto ba, wanda esansi ke laushe shi ya fara yoyo. Auna bakin wuyan kafin ka saya, galibi 38, 45 ko 51 ne a milimita, kuma ɗauri biyu kowane gefe. Tunda roba ta raba ƙarfen da jikin mota, ja waya daga wuyan zuwa shasi don kar tartsatsi ya tashi lokacin shan mai. In wuyan yana da ƙaramin bututu a gefe, haɗa shi da saman tanki, shi ke hana mai dawowa ya fantsama.

A gama duk walda kafin ɗigon mai ya taɓa tankin. Tankin da ya taɓa shan esansi, ko ya bushe, tururin da ke ciki na iya fashewa.

Ɗan Mokoyo:
Na gode ƙwarai. Murfin babur fa, tunda ya fi araha?

Mai Gareji:
Yana numfashi, amma don zama a saman tanki aka yi shi. A gefen mota zai riƙa zubar da mai a kowace kwana.