"Da wasa ake faɗa wa wawa magana": yabo ne ko zagi?

Malamar Aji Huɗu: Jama'a ku raba ni da wani uba. Ya same ni ina sa ɗalibaina buga dara, gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, kuma ba mai motsa ɗa sai ya faɗi dalilinsa. Ya ce karatu ya kawo ɗansa, ba wasa ba. Shugaban makaranta ya zo sasanci ya ce, "Ai da wasa ake faɗa wa wawa magana." Uban ya harzuƙa, wai an ce ɗansa wawa ne. Wa ya yi kuskure?

Tsohon Malami: Shugaban, Malama. Maganar ta mai taurin kai ce, wanda ba ya jin gaskiya kai tsaye. Yaro kuwa koyo yake. Da "icce tun yana ɗanye" ya kawo.

Baban Biyu: A'a Malam, nauyinta yana kan wasan. Ƙasar Armeniya tun 2011 ta wajabta darar ces, wato wasan da Turawa ke kira chess, a firamare. Su ma wawaye suka tara?

Uwar Yara: Kun tuna min da kakata, Allah Ya jiƙanta. Da dare takan ce, "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Kowa ya ce tsintsiya. Ran nan ƙanena ya ce gashin Yaya ne idan an tufke shi. Muka fashe da dariya, ita kuwa ko murmushi. Ta jawo kan Yaya gaban fitila, ta ce ya nuna shanun, ya nuna maɗaurin. Ya nuna. Ta ce, "Ka ci." Daga ranar ba ta karɓar amsa sai da hujja, ko da amsar daidai ce. Har yau idan zan yanke shawara sai in ji muryarta: "Ina maɗaurin?"

Baban Biyu: Allah Ya jiƙan Iya. Da ita ke tantance masu neman ƙuri'a, da alkawari dubu ba maɗauri ko ɗaya bai wuce ba.

Tsohon Malami: Waɗannan ai mu suke faɗa wa magana da wasa, duk shekara huɗu.

Malamar Aji Huɗu: To ni dai gobe uban zai dawo. Uwar Yara, ƙanen naki ya taɓa kayar da Iya?

Uwar Yara: Sau ɗaya, da kacici-kacicin da ya ƙirƙira da kansa. Bari in tambaye shi, na manta yadda yake.